Jarkoki a Ƙofar Gidan Malam Lawali

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. In na zauna a majalisarmu ta Fagge bayan la'asar, sai wani ya ce, "Bukar, yaya ƙasar waje?" In na shiga Kasuwar Sabon Gari, masu shago su ce ina tsarabar dabino. Wanda ya fi damuna shi ne mai shayin bakin layinmu, shi kullum tambayarsa ɗaya ce, wai ina hoton nan da aka ce zai fito a shafin farko. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa waya ya karanta, ni kuma in sha shayina tun bai huce ba.

Ga wanda bai san ni ba, ɗaukar hoto ne sana'ata, kuma na fi shekara ashirin ina yi wa wata jaridar Hausa aiki. Kakana daga Barno ya zo Fagge fatauci ya zauna, ni kuwa ko gaisuwa da Barbarci ban iya ba. Na koyi aiki a shagon Baba Yohanna da ke Sabon Gari, wani dattijo Bazazzagi mai yawan tsokana. Lokacin ina matashi "Me-ya-sa" yake kirana, don ba na ganin abu in wuce ban tambaya ba. Shi kuwa hakan yake so. Yakan ce, "Kyamara ido kawai gare ta, ba ta da kunne. Kai ne kunnenta." Amma shekaru sun cinye mini wannan hali. Na ɗauki gobara, na ɗauki ambaliya, na ɗauki taron siyasa har ban san adadi ba. Ta kai tun kafin in isa wuri na riga na san hoton da zan dawo da shi, abin da ya rage kawai in sami inda zan tsaya.

Abin da ya kai ni Damagaram shi ne editanmu ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa. Ya ce masu jarida sun fara tambayarsa amfanin mai hoto na musamman, tunda kowane wakili yana da waya a aljihu. An riga an sallami abokin aikina, kuma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ka san abin yi. Ya ce akwai rahoto da aka rubuta kan ƙarancin ruwa a garuruwan ƙetaren iyaka, hoto kawai ya rage.

"Je ka kawo mini wanda zan sa a shafin farko," in ji shi, "wanda zan ɗaga in nuna musu in ce ga dalilin da ya sa muke riƙe da Bukar. In ba haka ba, wallahi ni ma ba yadda zan yi."

Na ce to. Ina da iyali, kuma ba wata sana'a na iya ba.

Na shiga mota a tasha da sanyin safiya, irin motar nan da aka ƙera don mutum biyar amma direba ya ga ai zumunci zai iya ɗaukar takwas. Aka matse ni a baya tare da wata Hajiya mutuniyar Damagaram da ta zo sarin bokitai. An cika but da bokitan, an ɗaura wasu a sama, sauran kuma aka ɗora mini a cinya. Ba mu wuce Kazaure sosai ba taya ta fashe. Direba ya fito da ta ajiya, sai aka ga ita ma tana neman taimako. Muka zauna a gindin bishiya muna jiransa ya je ya dawo a kan babur ɗin wani.

A nan Hajiya ta ga jakar kyamara. Ta ƙare mini kallo ta ce, "Kai ɗan jarida ne?"

Na ce mai hoto ne dai.

"To me za ka je ka ce mun yi?"

Na ce ba komai Hajiya, ruwa ne aka ce ba ku da shi.

Ta yi dariya har tana tafa hannu. Ta ce, "Oh ni! Bakano ne zai zo ya ga rashin ruwanmu? Gidan 'yata a Rijiyar Lemo yake. Rijiya a suna, lemo a suna, amma famfonsu tun da aka kafa shi iska yake bayarwa." Duk 'yan mota suka sa mini dariya. Kun san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa, ba a fushi. Na ce mata ni asalina Babarbare ne, ta ce to abin ma ya yi muni biyu.

Mun wuce Daura rana ta take, muka isa kan iyaka jiki duk ya yi tsami. Fasinjoji suka wuce da 'yan takardunsu, ni kuwa kyamara ta tsayar da ni. Jami'in da ke can ɓangaren, wani dogo mai ladabi, ya karanta takardar ofishinmu daga sama har ƙasa, sannan ya ce in kunna ya ga abin da ke ciki. Ashe ban goge hotunan wani biki da na ɗauka a Fagge ba. Bawan Allah ya gyara zama ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ce uwar amarya? Wannan shaddar a Kano aka ɗinka ta? Me ya sa ango bai yi murmushi ba? Direba yana ta danna mana ham a waje, shi kuwa ko a jikinsa. Da ya gama ya miƙo mini ya ce, "Mushe," wato malam da Faransanci, "ka iya aiki. Allah ya ba su zaman lafiya." Na ce amin, duk da ban san ko auren yana nan ba.

Masaukina a Damagaram zauren Malam Isufu ne, wani mai sayar da dabino da ke sauka a gidan maƙwabcinmu in ya zo Kano. Ya shimfiɗa mini tabarma da katifa, ya kawo buta ɗaya da bokiti rabi, ya ce wannan na wanka ne da alwala. Ya faɗa cikin jin kunya, kamar shi ya hana ruwan zuwa. A gida in na shiga wanka ba na lissafi, amma a can na koyi tsayawa cikin baho don ruwan da ya zuba a ba shuka.

Abinci kuwa ba laifi. Da safe burodinsu ne dogo kamar sanda, mai taurin baya, wanda ya kusa tafiya da haƙorina na gaba. Da rana shinkafa da wake ko dambu da zogale, sai kilishi da ya fi namu laushi, ko da yake ba zan faɗi haka a gaban mahautan Fagge ba. Shayinsu ne ya gagare ni. Mu a nan kofi guda ne cike da madara, ka shanye ka tashi. Su kuwa ɗan mitsitsin kofi ne, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci, kuma sai an yi zagaye uku. In ka tashi bayan na farko ka yi rashin ladabi. Sannan da azahar gari yakan mutu murus, shaguna a rufe, kowa ya kwanta. Na ce wa Malam Isufu in Bakano ya rufe shago da rana tsaka, to ko dai gobara ce ko rasuwa. Ya ce shi ya sa duk kuke da hawan jini.

Na fita aiki a bayan ɗan kabu-kabu, haka suke kiran ɗan acaɓa. Na ɗauki 'yan ga-ruwa da kurarsu, na ɗauki famfon da ya bushe, na ɗauki jakuna ɗauke da jarkoki. Duk wanda na tura, edita ya amsa da abu ɗaya: irin wannan ai ko a bayan ofis zan samu. Gaskiyarsa ne kuma. Ƙafata ta kumbura, wuyana ya riƙe saboda igiyar kyamara, na fara tunanin yadda zan gaya wa maiɗakina an sallame ni.

Ana haka wata safiya na shiga tsohon gari ni kaɗai, na bi wani lungu da ban san inda ya nufa ba. Ina karya kwana sai na tsaya cak. Jarkoki ne rawaya jere a jikin katangar ƙasa, tun daga bakin lungun har ƙofar wani gida. Mata tsaitsaye cikin hijabi, kowa kai a sunkuye, babu mai magana. A tsakiya wata tsohuwa ta zauna a kan dutse, kwano a gabanta ba komai a ciki, ta ɗora hannu biyu a ka, hawaye na bin kumatunta. Hasken rana kuma ya faɗo mata a fuska daidai yadda ake so.

Masu sana'armu sun san abin da ake yi a irin wannan lokaci. Ba a sallama, don da zarar an gan ka fuskoki sun canza, hoto ya lalace. Na ja da baya na laɓe a jikin bango, na jawo ta da dogon gilashi, na danna, na sake dannawa, na juya na fita ba wanda ya san na zo. Ina fita bakin titi na tura wa edita, na rubuta a ƙasa: wata tsohuwa tana kuka a layin ruwa a Damagaram.

Ban kai masauki ba ya kira. Rabon da in ji muryarsa haka har na manta. Ya ce, "Bukar! Wannan shi ne hoto! Shafin farko, fitowar Juma'a. Ka tsira, mutumina." Na tsaya na sayi kilishi na tsaraba, na kira gida na ce a kwantar da hankali.

Da azahar, gari ya yi tsit, na kwanta a zaure ina kallon hoton don jin daɗi, kamar yadda manomi ke zagaya gonarsa. Na ƙara girmansa ina duba fuskar tsohuwar. Daga nan idona ya sauka ƙasa. Ƙasar da ke ƙarƙashin jarkokin a jiƙe take. Duk a rufe suke da murfi. Can gefe kuma ga wata mata ta shigo lungun da jarka a ka, wuyanta ya lanƙwashe saboda nauyi. Na ce a raina, wa ke zuwa layin ruwa da jarka cike? Na duba hoton daga wannan gefe zuwa wancan, ban ga famfo ba, ban ga rijiya ba.

Na kashe kyamarar na juya na fuskanci bango. Na ce Bukar, ba ruwanka. An ce ka kawo hoto, ka kawo, an yaba. Garin nan dai ana wahalar ruwa, ba ƙarya ka yi ba. Na rufe ido, amma matar nan mai lanƙwasasshen wuya ta ƙi barina. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, don na yi zaton wannan cutar ta son sani ta rabu da ni tuntuni, ashe kwanciya ta yi, kuma ba ta tashi farkawa ba sai ranar da ba na bukatarta. Da aka kira la'asar na yi salla, na saɓa jaka na koma.

Wannan karon na ɓata hanya, sai na ɓullo ta ɗaya bakin lungun. A nan na ga abin da ban gani ba da safe: tabarmi a shimfiɗe, maza zaune, ana ɗaga hannu ana shafa fatiha. Zaman makoki ne. Da safe ta ɓangaren mata na shigo. Na tuɓe takalmi na yi sallama, na zauna na yi ta'aziyya kamar kowa. Aka nuna mini mai gidan, Malam Lawali, wani dattijo baduku, siriri, idanunsa sun yi ja. Matarsa ce ta rasu da asuba, an kai ta tun da hantsi.

Da mutane suka ɗan ragu na matsa kusa da shi na ce, "Baba, ni baƙo ne daga Kano. In ba damuwa, jarkokin nan da ke jikin katanga, na mene ne?"

Ya ce, "Ku a Kano ba ku yi?"

Na ce mu dai abinci ake kaiwa gidan rasuwa.

Ya ce su ma suna kai abinci, amma a unguwarsu ruwa ne ke riga komai zuwa. Da an ji salati a gida, kowane gida zai aiko da jarka guda cike, tun kafin a zo gaisuwa. Da shi za a yi wa mamaci wanka, da shi masu ta'aziyya za su yi alwala, da shi za a dafa wa baƙi abinci. "Wanda aka yi wa mutuwa ba ya fita neman ruwa," in ji shi. "Ko gidan da ba su da na sha sai sun nemo. Abin kunya ne a ce ba a ga bidonka ba." Bido suke ce wa jarka.

Na ce tsohuwar da ke zaune a kan dutse fa? Ya ce ƙanwar marigayiyar ce, su biyu suka rage a ɗakinsu.

Ban ɓoye masa ba. Na ce na zo da safe na ɗauki hoto ban yi sallama ba, na ce ya yafe mini. Na yi zaton zai yi faɗa, sai ya ce in nuna masa, don shi tun asuba bai leƙa wancan ɓangaren ba. Na kunna na miƙa masa. Ya kawo fuskarsa dab da gilashin, ya fara bin jarkokin da ɗan yatsa. Ashe kowace da alamarta don a san inda za a mayar. Mai jan tsumma a hannu ta gidan liman ce. Mai shuɗin fenti ta gidan mai unguwa. Wadda aka ɗaure da igiyar kaba ta wata gwauruwa ce da ke sayar da ƙosai. Yana faɗa yana cewa Allah ya saka, har ya zo kan wata can ƙarshen layi, tsohuwa, an toshe bakinta da leda an ɗaure da roba. Sai yatsansa ya tsaya a kanta.

Ya ce in ƙara mata girma. Na ƙara.

"Wannan ta Habu ce," in ji shi.

Wani da ke gefe ya raɗa mini cewa Malam Habu maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su, kuma sun yi shekaru ba sa ko gaisawa saboda rigimar magudanar ruwa. Bai zo jana'iza ba, bai zo zaman makoki ba. Malam Lawali ya daɗe yana kallon jarkar nan. Duk gaisuwar da aka yi ta yi masa a gabana bai yi hawaye ba, sai a nan. Ya share da bakin rawaninsa ya ce, "Yaro, in ka koma ka wanke mini wannan. Ka aiko mini."

Na ce insha Allahu. Na fito na sami gindin wata katanga na jingina, na kira edita na gaya masa komai.

Ya ce, "Bukar, ana ƙarancin ruwa a garin ko ba a yi?"

Na ce ana yi.

"To ina matsalar?"

Na ce, "Ba shi take wa kuka ba, ranka ya daɗe. Yayarta ce ta mutu."

"Wa zai sani?"

Na ce duk unguwar za su sani, don shafin farko a waya yake yawo, kuma waya ba ta tsayawa a kan iyaka. Na ce a bar hoton a canza rubutun ƙasa, a faɗi abin da yake, ai shi ma labarin ruwa ne, har ya fi wancan. Ya ce rahoton an riga an rubuta shi kan wahala, kuma ba wanda zai sayi jarida don maƙwabta sun kai wa maƙwabci ruwa. Ba da faɗa ya faɗa ba, muryarsa irin ta wanda shi ma ya gaji ce. Ya ce, "Ka san abin da kake yi wa kanka?" Na ce na sani. Ya ce shi ke nan, zai cire, wataƙila wani makon a sami gurbi a ciki. Har yau ba a samu ba.

Dawowa ba abin da zan ce a kanta. Taya ba ta fashe ba, ba wanda ya tsayar da ni, na yi barci tun daga Daura har Kano. Ranar Juma'a jarida ta fito da hoton wani famfo da wakili ya ɗauka da waya. Ƙarshen wata aka ba ni takardar sallama, aka ce in ana bukatata za a kira. Ba zan ce muku ban yi da-na-sani ba. Na yi, musamman ranar da aka koro yara saboda kuɗin makaranta, kuma wani lokaci har yanzu ina yi.

Yanzu ina shagon Baba Yohanna a Sabon Gari, inda na fara. Idonsa ya yi rauni, ni ke ɗaukar fasfo da hoton 'yan makaranta, shi yana zaune a ƙofa yana tsokanar masu wucewa. Ranar da na ba shi labarin nan ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Bakano da asarar aiki a kan tambaya ɗaya! Lallai duniya ta zo ƙarshe." Sannan ya tashi da kansa ya lalubo takarda mafi kyau da ke shagon, irin wadda yake ɓoye wa hoton aure, ya ce da ita za a wanke. Muka sa shi a firam, na kai tasha na ba direban da ya kai ni, na ce ya ba Malam Isufu mai dabino ya isar.

Kwanakin baya Malam Isufu ya zo Kano da kaya, ya biyo ta shago. Ya ce saƙo ya isa. Na ce to madalla, Malam Lawali ya rataye shi a zaure? Ya ce a'a, ba ya gidansa ma. Wai ranar da aka kai masa, ya saka takalmi ya ɗauki hoton, ya ɗauki jarkar nan mai bakin leda da ya hana a mayar tun ranar rasuwa, ya cika ta da ruwa, ya zagaya ya yi sallama a ƙofar Habu.

Na ce, "Sai me ya faru?"

Ya ce shi bai sani ba, bai tambaya ba.

Na ce, "Haba Malam Isufu! Kana gari ɗaya da su ba ka tambaya ba? Habun ya fito? Me ya ce? Sun zauna?"

Baba Yohanna da ke bakin ƙofa ya fashe da dariya har da tari. Ya ce, "Sannu da zuwa, Me-ya-sa. Tun yaushe muke jiranka."